Suna biyar, aljihu ɗaya

Akwai wata magana da na gaji da ji, kuma abin haushin daga bakin ƴan jami'a take fitowa, waɗanda suka san bambancin kasafi da sadaka. Da zarar an kawo zancen ɗan siyasar da ya wawure dukiyar jama'a, sai wani kamarad ya kurɓi shayi ya ce: "To ai kowa shina ci. Wanga ko ya ci namu na, shina magana kamar mu, in ka je gidanai ba ka fitowa hannu banza." Shi ke nan an rufe zance, an koma kan ƙwallo.

Ba zan kama sunan kowa na gida ba. Na san halinmu: in na kama suna, rabinku za su ajiye wannan takarda su fara binciken jam'iyyar da babana yake ciki. Don haka bari mu yi nisa, mu je inda ba mu da kawu ba mu da gwaggo. Mu je Filipin, ƙasar tsibirai a kudu maso gabashin Asiya, mu dubi Joseph Estrada, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1998, aka kore shi a 2001, kotu ta ɗaure shi a 2007. Na zaɓe shi ne saboda ni ɗalibin ilimin harsuna ne, shi kuwa mutumin nan da harshe ya hau, da sunaye kuma ya yi sata.

Sunan da aka raɗa masa a 1937 shi ne Jose Marcelo Ejercito. An haife shi a Tondo, unguwar talakawa ce a Manila, kuma magoya bayansa ba sa gajiya da faɗin haka. Abin da ba sa ƙarawa shi ne babansa injiniya ne, gidansu gidan rufin asiri ne, tun yana ƙarami suka koma San Juan, kuma an sa shi Ateneo, makarantar ƴaƴan manya. Can aka kore shi. Ya fara karatun injiniya ya watsar, ya shiga fim. Gidansu ba su so ba, sai ya ɗauki suna na biyu, Estrada. Ya fito a fim sama da 100, kusan kullum a matsayi ɗaya: ƙaton unguwa mai zuciya, mai dukan azzalumi don ya ƙwato wa marar ƙarfi haƙƙinsa. Fim ɗin da ya ɗaga shi a 1961 labarin Asiong Salonga ne, wani ɗan daba na Tondo da aka yi da gaske. Ku riƙe wannan suna, zai dawo.

Suna na uku shi ne ya fi kowanne kawo masa riba: Erap. A bakin samarin Manila pare na nufin aboki, guntu ne na kumpare, wanda aka aro daga compadre na Sipaniyanci. Ka juya pare ta baya, ka samu erap. Irin wasan da yaranmu suke yi da zaurance ne, ko verlan na unguwannin Faransa, maganar da ake yi don babba kada ya gane. Wato tun kafin ya buɗe baki sunansa ya riga ya ce maka ni na bakin titi ne. Da ya tsaya takara sai aka ɗora masa take: Erap para sa mahirap, Erap na talakawa. Ku faɗe shi da ƙarfi ku ji yadda ƙarshen kalmomin biyu yake amsa juna. Duk wanda ya ƙirƙiro shi ya san aikinsa, ko maroƙin sarki sai haka.

Ya yi magajin garin San Juan daga 1969 zuwa 1986, ya yi sanata daga 1987, ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1992. A ba shi nasa: a 1991 yana cikin sanatoci 12 da suka ƙi sabunta yarjejeniyar sansanonin sojan Amurka. A zaɓen Mayu 1998 ya samu ƙuri'a wajen miliyan 10 da dubu 700, wanda ya bi masa bai kai rabin haka ba.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu. Sipaniya ta mulki Filipin sama da shekara 300, Amurka ta karɓa a 1898 ta riƙe har 1946, ta bar musu Turanci. Har gobe da Turanci ake rubuta doka a can, da shi ake yanke hukunci, da shi ake neman aiki mai kyau. Talaka kuwa Tagalog yake yi, ko Sebuwano, ko Ilokano, da sauransu. Ban ga buƙatar in fassara muku wannan hali ba, ku da kuka sha bulala a lakkwal don kun yi Hausa ko Zabarmanci a aji. Estrada Turancinsa na tuntuɓe ne, ko kuma haka ya so a ɗauka. Ƴan boko suka mai da shi abin dariya, barkwanci iri iri a kan yadda yake karya nahawu. Me ya yi? Bai yi fushi ba. A 1994 aka tara barkwancin a littafi guda, kuma mutanensa ne suka fitar da shi. Ya gane abin da masu digiri ba su gane ba: duk lokacin da lauya ya yi masa dariya, direba da mai wanki da mai tallar kifi suna jin da su ake. Ƴan boko su suka yi masa kamfen kyauta, suna tsammanin suna kashe shi. Wannan laifi namu ne, mu masu gyara wa mutum faransancinsa a tsakiyar magana, kuma zan dawo kansa.

Ran 30 ga Yuni 1998 ya yi jawabin kama mulki da harshen ƙasa, ba da Turanci ba. A ciki ya yi alkawarin da kowane ɗan Filipin ya haddace: a mulkinsa babu aboki, babu kumpare, babu dangi da zai ci moriya. Ku lura da kalmar. Mutumin da sunansa kumpare ne da aka guntule aka juya ya rantse cewa babu kumpare.

Ba a yi nisa ba aka fara jin labarin majalisar tsakar dare, wato abokan sha da caca da suke zama da shi a fada har asuba, inda ake ƙulla abin da ministoci za su tarar da safe. A shekarar 2000 wata cibiyar ƴan jarida masu bincike ta bi takardun filaye da na kamfanoni, ta fito da jerin manyan gidaje a unguwannin masu kuɗi da ke da alaƙa da shi da matansa na waje, gidajen da albashinsa ba zai gina ko katangarsu ba. Duk wannan bai kayar da shi ba. Kumpare ne ya kayar da shi.

Akwai wata caca a Filipin, ana rubuta ta jueteng, ana faɗin huweteng. Haramtacciya ce a doka, amma babu ƙauyen da ba a san ta ba a tsibirin Luzon. Mutum ya zaɓi lamba biyu tsakanin 1 da 37, ya ba da ɗan canjin da ke hannunsa, ko peso ɗaya ne. Masu karɓa suna bi gida gida. Mai kuɗi ba ya buga ta, yana da gidan caca mai sanyi. Cacar matar da ba ta da kuɗin cefane ce, wadda ta yi mafarki da dare ta wayi gari tana fassara shi zuwa lamba. Kun san irinsu, kuna ganin ƴan uwansu da bik da guntuwar takarda a bakin kiyos ɗin cacar dawaki. Tun da haramtacciya ce, masu ita sai sun sayi ido: ɗan sanda ya samu, magajin gari ya samu, gwamna ya samu, a yi ta hawa.

A watan Oktoba 2000 gwamnan lardin Ilocos Sur, Luis Singson, wanda aka fi sani da Chavit, abokin shan Estrada kuma abokin cacarsa, ya tara ƴan jarida ya ce shi ne mai tara kason shugaban ƙasa, shi ne mai kai masa da hannunsa, kuma abin ya haura peso miliyan 400. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya kama shi. An ƙirƙiro wata sabuwar caca ta halal a doka da za ta maye gurbin jueteng, aka ba wani abokin daban, aka yanke Chavit. Faɗan ɓarayi ne a wurin rabo. Amma Chavit yana da kaye, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma a cikin kayen akwai haruffa biyu da ke ta maimaituwa: A.S. Da aka tambaye shi ya ce Asiong Salonga ke nan, wato shugaban ƙasa. Suna na huɗu. Jarumin da talakawa suka biya kuɗin sinima don su ga yana kare su, sunansa aka sa a kan layin da ake rubuta kuɗin da aka tatsa daga aljihunsu.

Majalisar wakilai ta tuhume shi ran 13 ga Nuwamba. Shari'ar tsigewa ta fara a majalisar dattawa ran 7 ga Disamba, ana nunawa kai tsaye a talabijin, ƙasa duka ta bar fim ta koma kallonta. Nan wata babbar ma'aikaciyar banki ta ba da shaida cewa tana zaune dab da shi, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya ba, ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a takardar peso miliyan 500 da sunan Jose Velarde. Suna na biyar. Daga baya shi kansa ya amsa cewa ya sa hannun, wai don ya tsaya wa wani aboki. Aboki dai, kullum aboki.

Ran 16 ga Janairu 2001 sanatoci 11 suka rinjayi 10 a kan kada a buɗe wani ambulan da masu ƙara suka ce akwai bayanin asusun a ciki. Masu ƙara suka tashi suka fita. A daren mutane suka fara kiran juna da saƙon salula, suka cika babban titin EDSA, inda aka kori Marcos a 1986. Ran 19 shugaban sojoji ya janye goyon baya. Ran 20 aka rantsar da mataimakiyarsa Gloria Arroyo, shi kuma ya bar fada ta ƙofar kogi, a jirgin ruwa. Shekara biyu da rabi ya yi cikin shida.

An kama shi a Afrilu 2001. Shari'a ta ja shekara shida, kuma mafi yawan ƙarshenta a gidan hutunsa na Tanay ya yi zaman tsaron, ba a kurkukun da ake kai ɓarawon kaza ba. Ran 12 ga Satumba 2007 kotun Sandiganbayan, wadda aka kafa don shari'ar ma'aikatan gwamnati, ta same shi da laifin wawurar dukiyar ƙasa ta yanke masa ɗaurin rai da rai. An tuhume shi da wajen peso miliyan 4000 ta hanya huɗu. Kotu ta ce biyu ba su tabbata ba, ta kuma wanke ɗansa Jinggoy. Ina faɗin wannan don ku san ba kotun da ta haɗiye duk abin da aka miƙa mata ba ce. Biyun da suka tabbata su nake so kamarad mai shayi ya kalla da kyau.

Na farko, peso miliyan 545 na jueteng. Na biyu, ya sa shugabannin asusun fansho biyu, na ma'aikatan gwamnati da na ma'aikatan kamfanoni, suka sayi hannun jarin wani kamfani mai suna Belle na sama da peso miliyan 1800, shi kuma aka ba shi la'ada ta miliyan 189 da dubu 700, ta faɗa asusun Jose Velarde. To ku gaya mini, a cikin waɗannan biyu wanne ne kuɗin masu kuɗi? Ɗaya canjin matar da ta yi mafarki ne. Ɗayan abin da aka yanka ne wata wata daga albashin malamin firamare da mai jinya da leburan masana'anta, don ranar da ƙarfi zai ƙare. Ɗan dabar fim yana ƙwacewa daga sama ya raba ƙasa. Wannan daga ƙasa ya kwasa, ya gina gidaje a sama, in ya fito rangadi ya miƙa buhun shinkafa a ɗauki hoto. "Shina ba mu" da kuke faɗi, daga ina ya samo abin da yake ba ku? In mutum ya yanke maka aljihu a kasuwar Maradi ya ɗebe jikka goma, sannan ya tare ka a bakin tasha ya ba ka ɗari biyar na kabu-kabu, za ka yi masa godiya, don ba ka san shi ne ba. Mu kuwa mun sani, mun karanta, muna yi masa godiyar duk da haka.

Akwai wani abu a hukuncin da ya tsaya mini a wuya. Peso miliyan 200 daga kuɗin cacar an ajiye su ne da sunan wata gidauniya tasa ta taimakon matasan Musulmi, kuma kotu ta ce a ƙwace su. Wannan shugaban dai shi ne a shekarar 2000 ya ƙaddamar da yaƙin gaba ɗaya a Mindanao, inda Musulmin ƙasar suke, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Da sojoji suka kama sansanin Abubakar a watan Yuli, ya je da kansa, aka yi walima a wurin da gasasshen alade da giya. Sunan talaka ya ci zaɓe da shi, sunan Musulmi ya ɓoye kuɗin caca a ƙarƙashinsa. Kowane suna da amfaninsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce: waɗanda suka kore shi fa, waliyyai ne? A'a. Gloria Arroyo ɗiyar tsohon shugaban ƙasa ce, dakta a tattalin arziki, Turancinta kamar ruwa. A 2005 aka fitar da muryarta tana waya da wani kwamishinan zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'un 2004, har ta fito talabijin ta ba da haƙuri. A 2011 ita ma aka kama ta, ta yi mafi yawan lokacin a tsare har 2016 da kotun ƙoli ta sallame ta. Kuma majalisa ba ta gama shari'ar Estrada ba, titi da soja suka gama ta, wannan ma abin dubawa ne ga duk mai son doka. Sannan da aka kama shi, talakawa suka cika titin EDSA ɗin nan dai, ran 1 ga Mayu 2001 suka nufi fada, aka tarwatsa su, aka rasa rayuka. Waɗanda aka kira "al'umma" a Janairu masu salula ne. Waɗanda suka fito a Mayu aka ce hayarsu aka yi, jahilai ne, ƴan iska ne. Titi ɗaya, wata uku tsakani, kalma biyu. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana ƙona mini rai.

Amma me ya canza a lissafin? Ko peso ɗaya bai koma asusun fansho ba don Arroyo ma tana da nata. Raini da aka yi wa talakawan Mayu shi ne jarin Estrada tun farko, a kansa ya gina komai. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Sun duba duk manyan ƙasar, suka ga mutum ɗaya ne bai taɓa sa su jin kunyar bakinsu ba, suka biya shi da ƙuri'a, wasu da jini. Abin da ya sayar musu mutunci ne, kuma ya sayar da tsada saboda babu mai sayar da shi a kasuwar sai shi.

Shi ya sa na ce laifin ya dawo kanmu. A nan ma kamfen da Hausa ake yi, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, da kiɗa da kirari da karin magana. Kasafin kuɗi kuwa, da rahoton masu binciken asusu, da takardar kwangila, da hukuncin kotu, duk da Faransanci. Alkawari yana zuwa wa tsohuwa da harshenta, lissafi yana tsayawa a biro da harshen da ba ta ji. Ko kalmomin ma ku duba. A takarda détournement ne, kalma mai kwat da takalmi, kamar an ɗan karkatar da ruwa ne. A bakinmu kuma "ya ci" ne, aikatau ɗin da muke cin tuwo da shi, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci zaɓe. Wanda ya ci zaɓe ya ci kuɗi, kunne ba ya jin wani tsalle tsakanin biyun. Kalmar da ta dace tana nan, harafi huɗu, sata, amma mun ajiye ta don yaron da ya ɗauki salula a tasha. In lokacin zaɓe ya zo, mu ƴan sashen harsuna da adabi ake nema mu gyara take, mu juya jawabi zuwa Hausa mai daɗi, a ba mu na shayi. Ban taɓa jin an nemi ɗayanmu ya juya rahoton kuɗin wata komin zuwa Hausa a karanta a rediyo ba, ban kuma ji mun nema da kanmu ba.

Ku ji ƙarshen Erap, in ƙarshe ne. Sati shida bayan hukunci, ran 25 ga Oktoba 2007, Arroyo ta yi masa afuwa. A 2010 ya sake tsayawa takarar shugaban ƙasa ya zo na biyu, da ƙuri'a sama da miliyan 9. A 2013 ya ci magajin garin Manila, ya sake ci a 2016, sai a 2019 wani tsohon ɗan fim, shi ma ɗan Tondo, ya kayar da shi. Matarsa ta shiga majalisar dattawa a 2001 yana tsare. A zaɓen 2022 ƴaƴansa biyu suka shiga tare.

Za ku ce ta yaya wanda aka ɗaure rai da rai ya sake tsayawa zaɓe? A takardar afuwar akwai jimla da ta ce ya yi alkawari a bainar jama'a ba zai sake neman kujera ba. Da ya nemi Manila aka kai ƙara a kan haka. A Janairu 2015 kotun ƙoli ta ce jimlar tana cikin shimfiɗa ne, irin layukan nan da namu suke farawa da considérant, ba ta cikin sashen da ke zartar da umarni, don haka ba sharaɗi ba ce. Alƙalai 11 suka yarda, 3 suka ƙi. Mutumin da aka shekara talatin ana yi wa dariyar bai iya Turanci ba, matsayin jimla ɗaya a takardar Turanci ne ya mayar masa da kujera.